Kafin a canza hanyar aiki: yadda ake rubuta takardar binciken yiwuwa

A ƙauyukanmu akwai wuraren aiki da yawa da jama'a suke gudanarwa tare, kamar ɗakin shan magani, makarantar yara, injin niƙa na zumuntar mata, siton ajiyar hatsi da gonar matasa. Kowane ɗayansu yakan kai lokacin da hanyar da aka saba bi ta daina biyan bukata, ya zama dole a canza wani abu. A nan ne aka fi yin kuskure. Sai a kira taro, mutum uku ko huɗu su kawo shawara, a bi ta wanda ya fi murya ko ta wanda ake jin nauyinsa. Bayan shekara guda kuɗi sun tafi, matsala tana nan, mutane kuma sun fara zargin juna.

Wata ƙungiya da na taɓa aiki da ita ta ci bashi ta sayi injin casar shinkafa, domin shugabanta ya ga irinsa a wani gari yana kawo kuɗi. Sai da injin ya iso aka gane cewa shinkafar da ake nomawa a yankin ba ta isa ta riƙe shi wata biyu ba, kuma makanikin da ya san gyaransa yana da nisan tafiyar yini guda. Shekara uku suka yi suna biyan bashin. Babu wanda ya ci kuɗin kowa, amma ƙungiyar ta watse. Da sun ba mutum huɗu mako uku su yi tambaya su rubuta abin da suka samu, da sun ga ramin kafin su taka.

Mece ce wannan takarda?

Takardar binciken yiwuwa gajeren rahoto ne da ake rubutawa kafin a yanke shawara. Tana ɗaukar hanyoyi biyu, uku ko huɗu da za a iya bi a warware matsala guda, ta auna su da ma'auni iri ɗaya, sa'an nan ta faɗi wadda ta fi dacewa da dalilin haka. Tambayoyin da take amsawa uku ne. Wannan abu zai yi aiki a wurinmu? Muna da ƙarfin yin sa da kuma riƙe shi? Ya fi sauran hanyoyin da ke gabanmu?

Ta bambanta da takardar neman taimako. Mai neman taimako ya riga ya zaɓi abin da yake so, yana ƙoƙari ne ya shawo kan mai bayarwa. Mai binciken yiwuwa bai zaɓa ba tukuna. Yana iya gama aikinsa ya ce kada a yi komai a bana, kuma wannan ma amsa ce mai amfani, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba sai mai babban ilimi ba ne zai rubuta ta. Shafi uku zuwa biyar na littafin rubutu sun isa ga yawancin ayyukan ƙauye.

Su wa za su yi binciken?

A zaɓi ƙaramin kwamiti na mutum uku zuwa biyar a gaban taro. Ya kamata a cikinsu a sami:

• wanda yake yin aikin da hannunsa kullum, gama shi ya san inda yake ciwo
• ma'aji, ko wanda ya iya lissafi
• wanda ya iya rubutu mai tsabta
• mace aƙalla ɗaya, da matashi ɗaya, ko da ƙungiyar ta dattawa ce

Wanda yake da abin sayarwa a cikin hanyoyin da za a auna, ko ɗan'uwansa na kusa, kada ya shiga kwamitin. A ji ta bakinsa kamar kowa, amma kada ya riƙe alƙalami. A kuma sa wa kwamitin ranar kawo rahoto. Mako uku ko huɗu sun isa.

Misalin da za mu bi

Bari mu ɗauki wata zumuntar mata da take tara wake a lokacin kaka, ta ajiye a sito, ta sayar idan ya yi daraja wajen farkon damina. A ce suna ajiye buhu 30 na kilo 100 kowace shekara, a cikin buhun da aka saba, suna zuba magani. Ƙwari suna yi musu ɓarna, kuma wasu daga cikinsu ba su da kwanciyar rai game da maganin. Ƙungiyar da lambobin kuɗin da za ku gani a ƙasa misali ne domin koyo. Bayanin da aka yi a kan kowace hanyar ajiya kuwa gaskiya ne, kuna iya amfani da shi.

Mataki na 1: A faɗi matsalar sarai

Mutane da yawa sukan rubuta magani a wurin da ya kamata su rubuta cuta. Idan kun rubuta cewa “matsalarmu ita ce ba mu da duro,” kun riga kun rufe ƙofa, babu sauran abin aunawa. Ku rubuta abin da yake faruwa, tun yaushe, nawa ake asara, wa yake shan wahala.

Ga yadda matan nan za su iya rubutawa: “Cikin shekara uku da suka wuce, a kowace shekara muna asarar kimanin buhu 3 cikin 30 saboda ƙwari. Muna zuba magani sau biyu kafin mu sayar. Mata biyu da suke zuba maganin suna kukan ciwon kai, kuma mu kanmu ba ma son dafa waken a gidajenmu.”

Lambobin su fito daga littafin ƙungiya da rasit, kada su fito daga tunani kawai. Idan ba ku da littafi, ku tambayi mutum uku dabam-dabam, ku rubuta cewa kiyasi ne.

Yana da kyau a kuma bincika tushen matsalar. Ƙwaron wake yakan fara ne tun daga gona. Macen tana saka ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta huda ta shiga ciki ta ci, cikin kamar wata ɗaya a lokacin zafi ta fito ta zama ƙwaro mai saka nasa ƙwai. Shi ya sa buhun da ya yi kyau a Nuwamba yake cika da huji da gari kafin Afrilu. Sanin wannan yana nuna cewa share sito kaɗai ba zai isa ba, tun da ƙwaron yana shigowa ne tare da waken.

Mataki na 2: A jera hanyoyin da za a iya bi

Ku bar kowa ya kawo shawara, a rubuta duka, sa'an nan a rage su zuwa uku ko huɗu masu ma'ana. Dole ne “mu ci gaba yadda muke” ya kasance a cikin jerin, domin da shi za a gwada sauran. Matan nan sun tsaya a kan huɗu:

A. A sayar da waken tun da kaka, a daina ajiya.
B. A ci gaba da buhun da aka saba da magani.
C. A koma buhun da ba ya shan iska, irin na PICS.
D. A sayi duro na ƙarfe masu murfi.

Shawarwarin da aka ajiye a gefe, a rubuta su a layi ɗaya-ɗaya tare da dalili. Misali: “Jarkoki: suna aiki, amma jarka mai lita 25 tana ɗaukar kimanin kilo 20 ne kawai, za mu bukaci 150.” Yin haka yana hana wanda ya kawo shawarar ya ji an raina shi.

Mataki na 3: A yarda da ma'auni tun kafin a fara

Kafin kowa ya san wace hanya ce za ta ci, taro ya amince da abubuwan da za a duba. In an bari sai daga baya, kowa zai kawo ma'aunin da ya dace da abin da yake so. Ga waɗanda suka shafi kusan kowane aiki:

• Aiki: zai warware matsalar?
• Kuɗi: nawa za a kashe a farko, nawa kowace shekara?
• Samuwa: ana samun kayan da masu gyara a kusa?
• Mutane: wa zai yi aikin, ya iya, yana da lokaci?
• Lafiya da doka: zai cuci wani, ko ya saɓa wa doka?
• Ɗorewa: bayan shekara biyar yana nan, ko da babu taimako daga waje?

A raba su kashi biyu. Akwai na dole, wanda in hanya ta kasa cika shi ta fita ke nan, kome arharta. Akwai kuma na so, wanda ake iya sassautawa. Matan nan sun sa biyu a matsayin dole: waken ya zama wanda za su iya ba 'ya'yansu, kuma kada kuɗin farko ya wuce N200,000 da ke cikin asusunsu, domin sun yi alkawari ba za su ci bashi ba.

Mataki na 4: A fita a tattara bayani

Wannan ne babban aikin. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi farashi a wurin masu sayarwa uku. Ku je wurin malamin gona. Fiye da kome, ku ziyarci waɗanda suka riga suka gwada abin, ku tambaye su abin da ya ba su wahala, ku kuma nemi wanda ya gwada ya daina, gama shi zai gaya muku abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba.

Kowane farashi a rubuta kwanan watan da aka same shi da kasuwar da aka tambaya. Mun ga yadda kuɗin mota da na kaya suka tashi cikin 'yan makonni bayan da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayu 2023. Lissafin da aka yi a Afrilu na waccan shekara bai da amfani a Yuli. In farashinku ya wuce wata uku, ku sake tambaya.

Ga irin bayanin da kwamitin zai samu a kan hanyoyin nan huɗu.

Sayarwa da kaka. Babu ɓarna, babu wahalar tsaro, kuɗi suna shigowa nan da nan. Amma lokacin ne kowa yake kai nasa kasuwa, farashi yana ƙasa. Dalilin kafa ƙungiyar ma shi ne a guje wa wannan.

Buhu da magani. Kowa ya saba da shi, kuɗinsa na farko kaɗan ne. Hatsarinsa yana wajen lafiya. Ƙwayar Phostoxin tana fitar da iska mai guba da zarar ta ji danshi. An yi ta ne domin waɗanda aka horar, a wurin da aka rufe sosai, nesa da inda mutane da dabbobi suke kwana. A buhun da iska take ratsawa gubar takan fita, ƙwari kuma su sake shiga. Wasu kuma suna yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan wake, alhali ba a yi su domin a zuba a abinci ba. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015.

Buhun PICS. Buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken aikin gona na Kamaru ne suka fara gwada wannan dabara a yankin Marwa tun wajen ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Akwai mai kilo 50 da mai kilo 100, akwai kuma wasu buhunan masu aiki irin wannan da wasu sunaye. Ba a sa magani ko kaɗan. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki suna shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Sharuɗɗansa su ne: waken ya bushe sarai, a tankaɗe shi daga tsakuwa da kara masu huda leda, a hura iska cikin kowace leda a duba ko ta huje, a matse iska a ɗaure kowace leda ita kaɗai, a jera buhunan a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ana iya sake amfani da shi muddin ledar ba ta huje ba. Matsalarsa ita ce ba kowace kasuwa ake samunsa ba, kuma akwai na jabu masu siririyar leda.

Duro. Shi ma hana iska yake yi. Ɓera ba ya iya huda shi, kuma yana daɗewa shekaru idan bai yi tsatsa ba. Duro mai lita 200 yana ɗaukar wajen kilo 150 na wake. Dole a cika shi har baki, murfin ya kama sosai, a ajiye shi a inuwa, kada a riƙa buɗewa. Kada a yi amfani da duron da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki. Yana da tsada a farko, kuma yana da wuyar ɗauka in ya cika.

Tun da hanyoyi biyu na ƙarshe suna bukatar busasshen wake, kwamitin ya rubuta yadda za a gwada. A zuba wake da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Mataki na 5: A yi lissafi iri ɗaya wa kowace hanya

A ce buhu yana N60,000 da kaka, ana kuma sa ran zai kai N80,000 bayan wata shida.

A. Sayarwa da kaka: buhu 30 sau N60,000, N1,800,000 ke nan. Da wannan za a gwada sauran.

B. Buhu da magani: kuɗin buhu da magani N1,500 kowane ɗaya, duka N45,000. An yi asarar buhu 3, an sayar da 27, an sami N2,160,000. In an cire abin da aka kashe, saura N2,115,000. Ya fi A da N315,000.

C. Buhun PICS: N3,000 kowane ɗaya, duka N90,000, da katako N30,000, jimla N120,000. Mu ɗauka za a yi asarar buhu 1 saboda rashin sabo. An sayar da 29, an sami N2,320,000, saura N2,200,000. Ya fi A da N400,000.

D. Duro: kilo 3,000 suna bukatar duro 20. A N25,000 kowane ɗaya, N500,000 ke nan. Da asarar buhu 1, an sami N2,320,000, saura N1,820,000. Ya fi A da N20,000 kawai a shekarar farko.

Kada a tsaya a shekarar farko. Abin da yake daɗewa sai a raba kuɗinsa bisa shekarun da zai yi. In duro zai yi shekara goma, kuɗinsa N50,000 ne a shekara. In buhun PICS zai yi shekara biyu, katako kuma shekara biyar, N45,000 da N6,000 ke nan, wato N51,000 a shekara. Ashe a dogon lokaci su biyun kusan ɗaya suke. Bambancin yana wajen kuɗin da za a fitar yau, kuma matan suna da N200,000 ne kawai.

Ku tuna da kuɗaɗen da aka saba mantawa: kuɗin mota, ladan masu ɗauka, mai gadi, gyara, kuɗin ruwa in bashi ne, da lokacin masu aikin sa kai. Lokacin mace da ta bar gonarta ta zo ta tankaɗe wake yana da daraja, ko da ba a biya ta ba. A rubuta yawan kwanakin aikin da kowace hanya za ta ci.

Mataki na 6: A tambaya, in abin ya juya fa?

Lissafin da ke sama ya dogara ga zato guda, cewa farashi zai tashi. Yawancin shekaru yakan tashi, amma ba kullum ba. A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, har da masara da wake, na kwana 150. A shekarar 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwanni da yawa na arewa, kuma da dama daga cikin waɗanda suka ɓoye kaya tun kakar 2024 sun sayar da faɗuwa. Saboda haka kowane bincike ya yi lissafi biyu, na shekara mai kyau da na shekara marar kyau.

A ce farashi bai motsa daga N60,000 ba. Hanyar B za ta kawo N1,575,000, faɗuwar N225,000 in an gwada da sayarwa da kaka. Hanyar C za ta kawo N1,620,000, faɗuwar N180,000. Hanyar D za ta kawo N1,240,000 a shekarar farko, faɗuwar N560,000, kuma in da bashi aka sayi duron, mai bashi ba zai jira ba.

Akwai wata lamba mai amfani ƙwarai, wato farashin da za a mayar da uwar kuɗi. A haɗa darajar waken da kaka da abin da aka kashe, a raba da yawan buhun da za a sayar. Ga hanyar C, N1,920,000 a raba 29, kimanin N66,200 ke nan. Ga B kimanin N68,300. Ga D a shekarar farko kimanin N79,300. Da wannan lamba a hannu, kwamitin sayarwa ya san inda riba take farawa, ba zai yi ta jira ido rufe ba.

A kuma jera sauran haɗura: sata, gobara, ɗigar rufi, rashin tsaro a hanyar kasuwa, tafiyar mutum ɗaya da ya iya aikin. A gaban kowanne a rubuta abin da za a yi a rage shi.

Mataki na 7: A auna tare da jama'a

Lissafi ba ya faɗin kome da kome. Domin waɗanda ba su iya karatu ba su sa baki, a zana layuka a ƙasa. A jera hanyoyin a sama, kowace da alamarta, kamar tsumman buhu, leda da gwangwani. A jera ma'aunai a gefe. Ga kowane ma'auni a ba mutane tsakuwa goma su raba wa hanyoyin bisa yadda suka ga sun cancanta. Magatakarda ya kwafe sakamakon, ya kuma rubuta dalilan da mutane suka bayar, gama dalilan sun fi yawan tsakuwar amfani. In maza da mata suna cikin ƙungiya ɗaya, su fara yi dabam-dabam kafin a haɗu.

Tsakuwa ba ta soke sharaɗin dole. A misalinmu hanyar B ta faɗi a kan lafiya, D ta faɗi a kan kuɗin farko. Saura A da C.

Mataki na 8: A ba da shawara guda, a fili

Kwamitin da ya ce “duka suna da kyau, taro ya zaɓa” bai gama aikinsa ba. Ya faɗi abin da ya gani, taro yana da ikon ƙi. Ga misali:

“Muna ba da shawara a koma buhun PICS daga kakar bana, a kan N120,000 daga asusunmu. Mata huɗu su koyi ɗauri a wurin malamin gona kafin Oktoba. A ware buhu biyu, ɗaya na PICS, ɗaya buhun da aka saba ba tare da magani ba, a buɗe su a gaban kowa a watan Afrilu. In riba ta samu, a riƙa sayen duro biyu kowace shekara. Ba mu tabbatar ko mai sayar da buhun zai kawo a kan lokaci ba, saboda haka a biya a karɓa tun Satumba.”

Ku lura da abin da ke ciki: me za a yi, nawa, su wa, yaushe, yadda za a gane ko ya yi aiki, da abin da ya rage ba a tabbatar ba. Inda zai yiwu, a fara da ƙaramin gwaji. Gani ya kori ji, kuma kuskure a buhu biyu ya fi sauƙin gyara da kuskure a buhu talatin.

Yadda za a tsara takardar

1. Suna, kwanan wata da sunayen 'yan kwamiti
2. Taƙaitawa: matsala da shawara cikin layi biyar ko shida
3. Matsalar da hujjojinta
4. Ma'aunai, na dole da na so
5. Hanyoyin, kowace da bayaninta
6. Lissafi, na shekara mai kyau da marar kyau
7. Haɗura
8. Shawara da matakan farko
9. Waɗanda aka tambaya da farashin da aka samu

Taƙaitawar ita ake rubutawa a ƙarshe, amma a sa ta a farko, domin wasu ita kaɗai za su karanta. A ba kowace hanya fili daidai da 'yar'uwarta. A yi rubutu da harshen da jama'a suke ji, a karanta takardar da ƙarfi a gaban taro, a ba mutane mako guda su yi tunani kafin a yanke shawara. A ajiye kwafi ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin ma'aji. Bayan shekara guda a fito da ita a gwada abin da aka zata da abin da ya faru.

Kurakuran da aka fi yi

• Yanke shawara tun farko, sa'an nan a rubuta takarda domin a goyi bayanta.
• Dogara ga bakin mai sayarwa shi kaɗai.
• Ƙara yawan riba da rage yawan kashewa. In kuna shakka, ku ɗauki ƙaramar riba da babban kashewa.
• Lissafa kyauta kamar ba ta da tsada. Injin da aka ba ku kyauta yana shan mai, yana bukatar gyara.
• Mantawa da waɗanda canjin zai taɓa abincinsu, kamar mai gadi ko mai sayar da buhu na cikin gari. A yi magana da su tun da wuri.
• Ɓoye abin da ba a sani ba domin kada a ce kwamiti bai yi ƙoƙari ba.

Kuɗin da ke asusun ƙungiya gumin mutane ne, wasu da ƙyar suka tara nasu. Waɗanda aka ba amanarsa suna da hakkin su bincika kafin su kashe, su kuma iya nuna wa kowa dalilin zaɓinsu a rubuce. Matakan nan takwas suna aiki ko zancen rijiya ne, ko rufin makaranta, ko wutar sola ta ɗakin shan magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wace babbar shawara ce ƙungiyarmu ta yanke a shekarun baya? Hanyoyi nawa muka auna kafin mu zaɓa?
• Akwai kayan aiki a garinmu da aka saya ko aka ba mu, yanzu suna kwance? Wace tambaya ce ba a yi ba?
• Wane canji ne yake gabanmu a bana? Mu gwada rubuta matsalar cikin layi uku ba tare da ambaton magani ba.
• Waɗanne sharuɗɗa ne za mu sa a matsayin dole?
• Muryar wa ba a cika ji a taronmu ba, kuma yaya za mu ji ta?
• Su wa za mu zaɓa su yi binciken, kuma wace rana za su kawo mana rahoto?